Ruwan Wankan Inna

Ulaisha, Riyad
9 ga Maris, 2016

Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da yara da mutanen Funtuwa duka. Jariri Lukman yana nan ƙalau, sai tsotso.

Na san kin ga Inna ta dawo kafin mu yi arba'in, kuma ba za ta gaya miki dalili ba. To, ni zan faɗa, laifina ne.

Shekara uku da suka wuce, a nan Riyad, aka gano ina da ciwon daji a mamana na hagu. Aka cire shi, aka sa roba a ƙarƙashin fatar don ya yi daidai da ɗayan. Daga ni sai mijina Dalhatu muka sani. Lokacin Baba bai cika wata biyu da rasuwa ba, na ce ba zan ƙara wa Inna wani tashin hankali ba. Daga baya kuma kunya ta rufe mini baki.

Likita ya gargaɗe ni sarai: wurin ba ya jin zafi ko sanyi, kada abu mai zafi ya taɓa shi. Sai ga Inna ta iso da ƙullin ganyen darbejiya da kanwa, tana murna za ta yi wa autarta wankan jego. Kin san Inna da ruwan wanka, in bai tafasa ba ai wasa ne. Ta lura na hagun ya yi tauri, ba ya kawo ruwa, ta ce nono ne ya daskare. Kwana uku tana gasa shi da tawul, ni kuwa ina zaune kamar dutse, ina cewa gobe zan faɗa mata. Ranar na huɗu fatar ta saɓule a hannunta.

Wallahi Yaya, ban ji komai ba. Ihun Inna ne ya sa na duba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Jamila

Ulaisha, Riyad
2 ga Afrilu, 2016

Yaya Hansai,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna? Kin ce ba ta cin abinci, abin ya tsaya mini a rai.

Faɗan da kika yi mini a waya na karɓa, na cancanci fiye da haka. Amma ki daina cewa son gayu ne ya kai ni. Ina da shekara ashirin da tara aka yanke ni, Yaya, ke ma da kin yarda an sa miki.

Ƙunar ta ci har robar ta fito fili, ta yi ruwa. Shekaranjiya aka sake shiga da ni tiyata aka fitar da ita. Likitar da ta yi aikin ta ce sai bayan wata shida a ga ko fatar za ta ɗauki wata robar, ko a yanko daga bayana a yi faci. Dalhatu yana dawowa daga aiki a Dir'iyya ya goya Lukman, yana ce mini kalas, wato ya isa, a bar shi haka. Ni duk ba wannan ne a gabana ba. Sau goma sha ɗaya ina kiran Inna, ba ta ɗauka. Don Allah ki gaya mata hannunta bai yi laifi ba, bakina ne ya yi.

Taki,
Jamila

Ulaisha, Riyad
20 ga Afrilu, 2016

Yaya Hansai,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da kika sa wa Inna wayar a kunne. Ciwon yana warkewa.

Na shirya roƙon gafara a kan ƙunar, ashe ba ita ce ke cin ta ba. Ba ta ko ambace ta ba. Abu ɗaya ta tambaye ni: wancan karon, da aka yanke ni, wa ya yi jinyata, wa ya yi mini wanka? Na ce wata nas ce 'yar Filifin, ko sunanta ban riƙe ba.

Sai ta ce a lokacin ai tana da rai, kuma tana da fasfo. Ta miƙa miki wayar.

Yaya, kuka nake yi har yanzu. Ki kula mini da ita.

Ƙanwarki,
Jamila