Kukar Baba da Ruwan Alwala

Zango, Kwatano
Lahadi, 20 ga Oktoba

Zuwa ga Yayana Alhaji Munkaila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Fadima da yara, Ya ƙara wa kasuwa albarka, Ya tsare ku a can Gabon. Yaya ƙafar da ka ce tana damunka? Allah Ya sawwaƙe. Mu nan alhamdulillahi. Maigida Malam Jibrilu yana shan maganin hawan jininsa in na tsaya a kansa. Yaranmu kuwa, Fadel ya fara jami'a, Raisa kuma cikinta ya shiga wata bakwai, a sa ta a addu'a. Ruwan bana ya sake shiga gidajen unguwar Laji, dole Gwaggo Labiba ta kwashe kayanta ta koma wurin ɗanta a Tokpa-Hoho, tana can tana faɗa da surukarta a kan gishiri. Ni kuma ina nan ina fama da koyar da 'yan lakwal a makaranta.

Za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Dramane mai zuwa Gabon a zamanin da kowa ke danna waya ya yi magana. Da gangan na yi. Muryar da aka tura a waya ba ta da linzami, kafin la'asar ta isa garinmu Malanbil. Kuma in na buɗe baki a yadda nake yau, abin da zai fito ba irin wanda ƙanwa ke faɗa wa yayanta ba ne. Alƙalami yana koya wa mutum ladabi. Maganar a kan saƙon nan ne da ka tura a zauren danginmu na WhatsApp ranar da autarmu Wasila ta sa hoton ƙaramar kukar nan ta cikin kasko, inda ka ce a cikinmu mu biyar ita ce ta gaji hannun Baba. Sau bakwai na saurare shi ko zan ji ka ambaci sunana a ƙarshe. Ba ka ambata ba. To zauna, Yaya, in ba ka tarihin bishiyar da ka yaba.

Shekara goma sha biyu ke nan, da muka je sadakar arba'in ta Baba, na tsinci ɗan kuka guda a gindin babbar kukar da ke bayan gidanmu na Malanbil, inda yake ɗaure shanu kafin a loda su zuwa Kwatano. A lokacin ina da wani tsohon littafi na Faransanci da na saya wurin masu baza littattafai a ƙasa kusa da kasuwar Dantokpa, a kan yadda mutanen Japan suke renon babbar bishiya a cikin kasko marar zurfi, ta tsufa ba ta wuce kamu biyu ba. Bonsai suke ce masa. Na fasa ɗan kukar, na goge ƙwayoyin da zarto, na jiƙa su a ruwan zafi. Cikin goma sha huɗu uku suka tsiro, ɗaya ta rayu. A shekara ta biyu na tone ta na datse doguwar saiwarta ta tsakiya, a hankali kamar mai yi wa jariri kaciya. Ƙasar da take ciki ni na haɗa, yashi da jar tsakuwa da gawayi da fasasshiyar tukunya, na tankaɗe da rariyar ɗakin girkina. Wayar jan ƙarfe kuwa wurin masu gyaran fanka nake roƙowa, in gasa ta a murhu ta yi laushi, in nannaɗe reshe ɗaya bayan ɗaya, in lanƙwasa shi kaɗan, in jira wata uku, in kwance kafin wayar ta ci ɓawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni na ga wannan da idona, ba a bakin tsofaffi kawai na ji ba. Duk tsawon wannan lokaci me Wasila take cewa? In ta zo sai ta leƙa ta ce kukar da ganyenta ba zai yi miyar mutum ɗaya ba, ina amfaninta.

Yanzu ga inda na yi kuskure, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara takwas tana kan katanga tana shan rana, lafiya lau. Da ta yi kauri, ta fara kama da uwarta ta Malanbil, sai na ga ta cancanci wurin girma. Ka tuna Baba ba ya alwala sai a gindin shuka, yana cewa ruwan alwala bai kamata ya bi kwata ba. Haka ya raya mangwaron ƙofar gida da darbejiyoyin nan uku. Sai na sauko da kaskon na ajiye shi a wurin alwalarmu. Littafin ya faɗa ƙarara cewa kuka tana adana ruwanta a jiki, ba ta son jiƙa, in ta zubar da ganye ma a daina ba ta ruwa sam. Na karanta, har na ja layi a ƙarƙashi. Amma na ce wa kaina Baturen da ya rubuta a hoto ya san kuka, kuma ruwan alwala ba kamar sauran ruwa ba ne. Na manta yashin Malanbil yana shanye buta goma bai nuna ba, tsakar gidan Zango kuwa ko a rani gumi take yi. Ni sau biyar, Malam sau biyar, ga baƙi. Kafin shekara ta zagayo gindinta ya yi laushi kamar gwandar da ta wuce nuna, yana wari.

Ranar da na tabbata ta mutu, Wasila ta shigo ta same ni ina kallon ta. Maimakon jaje, sai ta tambaye ni ko zan ba ta kaskon ta shuka na'ana'a. Cikin ɓacin rai na ce ta ɗauka, da kaskon da gawar. Wannan kalma tawa ce, ba na musu.

Ka san abin da gwanar taka ta yi? Ba komai. Ta kai kaskon saman beninsu a unguwar Fijirose da niyyar ta zubar da ƙasar, ta manta da shi wata biyar, rani guda cur, rana tana dukansa, iskar teku tana busar da shi. Da ta hau shanya sai ta ga toho. Gaskiya ɗaya zan ba ta: ta ɗauki cokali ta kankare ruɓaɓɓen wurin, ta shafa toka, daga nan kuma ba ta ba ta ruwa sai ta tuna, ita kuwa ka san tunawarta. Wannan shi ne iliminta kaf. Ba ta san sunan komai ba, wayar da nake nannaɗawa ma awarwaro take ce mata. Kusan shekara uku tana ɓoye mini, ta san gwiwata ba ta barina hawa bene. Ina zaune a falonta ina shan shayi, bishiyata tana saman kaina tana girma.

Lahadin farko na watan nan ƙungiyarmu ta masu renon shuke-shuke ta yi nunin shekara a wani lambu a Fijirose. Shekara bakwai ina cikin ƙungiyar nan, ban taɓa fashin taro ba. Na kai tsamiyata da na yi wata biyu ina gyara mata ganye da ƙaramin almakashi. Ina shiga na ga mutane sun yi cincirindo a teburi ɗaya, wayoyi a sama. Na kutsa. Yaya, uwa ba ta kasa gane ɗanta. Reshe na uku daga hagu yana da tabon waya, na shekarar bikin Raisa da hidima ta sa na makara ban kwance ba. Kukar nan tawa ce. Ganyenta ya zama mai yatsu biyar irin na babbar kuka, abin da na yi shekara tara ina jira ban gani ba. Wurin da ya ruɓe ya warke ya zama kogo, sak kogon kukar Baba inda muke ɓoye takalmanka muna yara. A gabanta ga kati da sunan Wasila. Tsoho Badaru, wanda ya yi ritaya daga aikin gandun daji, shi ne alƙali. Ya tsaya yana bayani cewa wannan kogo aikin ƙwararre ne mai haƙuri, ya tambaye ta da wane ƙarfe ta sassaƙa shi. Ta sunkuyar da kai ta ce ikon Allah ne. Aka tafa mata saboda tawali'u. Ita ta zo ta ɗaya. Da ya iso kan tsamiyata ya duba sama da ƙasa, ya ce kaskon yana da kyau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ina hanyar gida a bayan zemijan, babur ɗin haya, tsamiya a cinya, saƙonka ya shigo.

Ranar Talata na je gidanta. Na shirya maganganu tun daga Zango, na jera su kamar darasi, har na hau benin nan da gwiwata, ina hutawa a kowace takawa biyar. Na faɗa mata duk reshen da aka tafa wa ni na lanƙwasa, kogon ma ruɓata ce, ita mantuwa kawai ta zuba. Na so ta yi musu. Wallahi na so ta ɗaga murya in samu abin kamawa. Sai ta ce gaskiya ne, tsoron kada in karɓe ne ya sa ta ɓoye, don duk safiya in ta ga kogon sai ta ga kamar Baba zai fito daga bayansa da sandarsa. Ni na yi shekaru da shi da wayona, ita tana da goma sha ɗaya aka kawo ta Kwatano. Ta naɗe kaskon a zane da hannunta, ta sauko mini da shi har bakin titi, ta haɗa da takardar yabon. Abu ɗaya ta roƙa, in bar kukar da ƙishi. An ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na zuba wa Wasila buhu guda a ranar, na dawo da bishiyata ina huci.

Yau kwana goma sha biyu tana gidana. Katangar da take zama a da ba ta samun rana yanzu, tun da maƙwabcinmu ya ɗora bene biyu. Awa biyu rana ke leƙo mu ta wuce, ga ruwan sama kusan kullum. Na sa ta a ƙarƙashin rumfa, na gargaɗi Malam, na rantse ba zan ba ta ko ɗigo ba. Kwana huɗu na riƙe. Ran na biyar na idar da alwalar la'asar, na juya, na ga ƙasarta ta yi fari, sai na tsinci hannuna ya karkata butar. Na ce ragowa ce, ba ta kai kofi ba. Washegari ma haka, da jibi. Ba na iya wuce abu mai rai da ruwa a hannuna in hana shi, ko littafi nawa na karanta. Shekaranjiya ganye shida suka yi rawaya. Yau da safe na danna farce a gefen kogon, ɓawon ya lotsa. Kaɗan ne, amma na san wannan laushin, na taɓa jin sa a yatsana. Uwarta ta Malanbil kuwa ka san an sare ta bara da aka faɗaɗa hanya. In wannan ta tafi, ba sauran inda za a tsinci wani ɗan.

Don haka ga abin da nake so, kuma kada ka yi mini dariya, ina jin ka tun daga nan. Dramane zai sauka gobe da yamma. Da ka karanta, ka kira Wasila ka ce kai, a matsayinka na babba, ka yanke hukunci kukar ta gidan Baba ce, ba ta mutum ɗaya ba, kuma a saman beninta za ta zauna amana. Ka ce mata na ƙi, na yi faɗa, da ƙyar ka shawo kaina. Ba ƙarya za ka yi ba, don na ƙi ɗin, da kaina nake faɗan tun safe. Ta zo kafin Juma'a, ta taho da cokalinta. Ni ba zan iya kiran ta ba, bakina ba zai buɗu ba. Sharaɗina shi ne ba wanda zai taɓa rassan da almakashi ko waya sai ni. Duk Lahadin farkon wata zan hau benin nan ko da rarrafe, kuma a ɓoye buta kafin in iso.

Saƙonka kuwa kada ka goge, kowa ya riga ya ji. Ka dai ƙara wani a ƙarƙashinsa, ka faɗi wadda ta shuka da wadda ta lanƙwasa, da sunana cikakke. Kuma ka gyara maganarka, don ka yi kuskure. Baba bai taɓa manta shuka wata biyar ba, bai taɓa tashi daga alwala bai juye ragowar ruwansa a gindin wani abu ba. Hannun Baba ni na gada, Yaya. Shi ne yake kashe ta.

Ka gaishe mini da Yaya Fadima, ka ce turaren ya iso, na gode. Ka gaida Abdul'aziz da Rahma da ƙaramarsu Jalila, Allah Ya raya su. Malam Jibrilu yana gaisuwa, ya ce in faɗa maka kwana goma sha biyu ke nan a masallaci yake alwala don ya zauna lafiya. Fadel da Raisa suna gaida Kawu. In ka gama da takardar nan ka ƙone ta, kada Yaya Fadima ta ɗauki hotonta. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya jiƙan Baba da Inna, Ya bar zumunci.

Ƙanwarka wadda har yanzu take fushi da kai,
Raimatu