Kular Lucia

Litinin, 5 ga Yuni, 2006
An kwantar da Goggo a asibiti. Ƙafar ce dai, ciwon suga. Ni ce mai jinya, don babu wata. Alhamis ta sama zan kare aikin digirina na biyu, ga shi ba a barin mara lafiya ba kowa. Yayana Umar Farouk ya ce zai zauna, aka ce masa ɗakin mata ne. Ya ji daɗi, na gani a fuskarsa.

Laraba, 7 ga Yuni
Lucia ta zo. Lucia dai ta jami'a, wadda ta gama karatu tana kallon mutane ta saman baƙin gilashi. A zamaninmu, aji shi ne a gaishe ki, ki ɗaga gira kawai. A wurinta muka koya. Yau ga ta da atamfa da silifas, kula a hannu, ta durƙusa har ƙasa: "Sannu Goggo, ya jiki?" Faten acca ta kawo, wai ya fi wa masu suga. Wai a kasuwar Samaru ta ji labari.

Me take so?

Asabar, 10 ga Yuni
Ta sake zuwa. Ko Umar Farouk take hari, ko coci ne ya ba ta aikin ziyara, ko kansila za ta tsaya baɗi. Na duba ƙasan kular ko da takardar wa'azi. Babu. Goggo kuwa ta cinye tas.

Talata, 13 ga Yuni
Na tambayi Ƙauna, wadda muka zauna ɗaki ɗaya a makaranta, me ya canza Lucia. Dariya ta yi. "Ke Naila, an daina yayin ɗaga hanci fa. Ko a cikin yaran yanzu, mai faran-faran shi ne babban yaro." Wato kirki ma yayi ne, kamar takalmi. Lucia ta sayi nata da wuri, kamar kullum.

Ƙauna ba za ta samu zama da Goggo ran Alhamis ba. Ta ambaci bikinta da ban je ba, wai cikin wasa.

Laraba, 14 ga Yuni
Lucia ce ta fara: "Gobe ki tafi ki yi abinki, zan zauna da Goggo." Na tambaye ta kai tsaye, me za ta samu. Ta yi min tsohon kallon nan, har na ji sanyi, ga Lucia ta ainihi. Ta ce babanta ya kwanta a ɗakin maza bara. "Duk masu ajin nan, ko filashin a waya babu wadda ta yi min. Matar mai gadon kusa ce ta ciyar da ni. Matsa, ba haka ake juya mara lafiya ba."

Labarin ya cika kyau. Na amsa mata, don ba ni da zaɓi. Na dai ɓoye 'yan kunnen Goggo a jakata.

Alhamis, 15 ga Yuni
Na kare aikin, gyara kaɗan suka ce. Rabin hankalina yana asibiti. Na dawo a guje na tarar Lucia tana yi wa Goggo kitso, suna gulmata. Goggo ta ce, "Ina 'yan kunnena? Ina so in nuna wa 'yata." Na ce na kai su gida. Lucia ta kalli jakata, ta ci gaba da taje gashin da ya rage.

Lahadi, 18 ga Yuni
Jiya aka sallame mu. Goggo ta ce ba a mayar wa mutum kula ba komai a ciki. Na yi dambu, na hau acaɓa har gidan su Lucia a Sabon Gari bayan sun taso daga coci. Na gaishe da mamanta a durƙushe. Tabarma ce a ɗakin, shi ya sa.

Lucia ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi yawa, ta ƙara cokali. Wai ran Talata za ta koma duba tsohuwar da ke gadon kusa da na Goggo, wadda ba mai zuwa wurinta.

Zan bi ta, don har yanzu ban gano me take so ba. Na sayi acca.