Mijina Ya Rasu, Amma Makinsa Sai Hawa Yake Yi

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi min uzuri idan na yi ta kewaye-kewaye, karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba.

Wata biyar ke nan da rasuwar maigidana, amma sai ranar Talatar da ta wuce na gane ya tafi da gaske. Ina kan keken ɗinki wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga makarantar da yake karatu daga nesa, wai ya ɗauki kansa a bidiyo na minti ashirin yana koyar da darasi, ya tura cikin sati uku, shi ne sharaɗi na ƙarshe na kammala karatun. Na ɗauke ƙafata daga kan keken na zauna haka nan. Duk abin da suka nema a baya na iya yi masa. Wannan ne ban iya ba.

Bari in koma baya. Mai walda ne, shekara ashirin da biyu yana haɗa ƙofofi da tagogi. Da idonsa ya fara ruwa saboda hasken wutar, sai ya ce zai koma koyarwa a makarantar sana'a. Suka ce sai da takarda. Su ɗin da malamansu ke kawo masa ƙofar ajinsu idan ta ɓalle, su ne ba su tabbatar ya san ƙarfe ba sai takarda ta ba da shaida. Shi ne ya shiga karatun malanta ta waya, shekara biyu.

To yatsunsa, Gwaggo, wuta ta gama da su, kowanne kamar kan guduma. In ya danna harafi ɗaya sai uku su fito. Sai muka raba aiki. Yana shago zai naɗo min amsa da muryarsa, injin yankan ƙarfe na ihu a bayansa, ni kuma in saurara in rubuta in tura. Ilimin nasa ne, ni hannu ce kawai. Ya sha yin faɗa da tambayoyinsu. Da aka ce ya rubuta manufar darasi, ya ce in rubuta musu manufar ita ce ɗalibi ya koma gida da yatsunsa goma da idonsa biyu. Aka ba shi maki huɗu cikin goma, wai amsar ba ta da zurfi.

Ciwon kwana huɗu ya yi. Masu ta'aziyya ba su gama watsewa ba wayar ta tuna masa cewa aikinsa ya makara. Ita makaranta ba ta san ana mutuwa ba, makara kawai ta sani. Na duba na ga ya riga ya naɗi rabin amsar. Na ce wannan ɗaya dai zan ƙarasa masa, kada muryarsa ta tafi a banza. Na ƙarasa. Na gaba ya zo, babu sauran murya, amma na san abin da zai ce, har da inda zai yi tsaki. Na buɗe littattafansa na karanta, na rubuta. Yanzu aiki bakwai ke nan na tura da sunan mutumin da ke kwance a maƙabarta.

Abin da zai ba ki dariya, ko kuka, ni dai duka biyun na yi: yana raye bai taɓa wuce maki hamsin da biyar cikin ɗari ba, yanzu saba'in yake ci. Malamar da ke duba aikinsa har ta rubuto cewa ta lura ya natsu sosai a wannan zangon, ya daure ya ci gaba da haka. Natsuwa kam ya natsu.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin saƙonninsu. A duk duniya nan ne kaɗai ake kiran sunansa ba a ƙara da "marigayi". Can har yanzu ana yi masa faɗa, ana yaba masa, ana jiransa.

Kuskuren da na yi shi ne gaya wa ƙaninsa maganar bidiyon. Shi direba ne, abokin wasana tun ina amarya, iyakar saninsa da walda shi ne ya kawo mota a liƙe masa salansa. Nan take ya samo mafita. Wai ai mai walda rufe fuska yake yi. Zai saka rigar aikin yayansa, ya kifa hular nan mai baƙin gilashi, tsayinsu ɗaya, a tara mutum biyar su zauna a benci a matsayin ɗalibai, ni in rubuta masa abin da zai faɗa ya haddace. Na tambaye shi wane malami ne ke gaishe da aji da hula a fuska. Ya ce malamin da ya damu da kariya, har ƙarin maki za a ba shi. Ya ce haramun ne a bar wahalar shekara biyu ta zube a bakin ƙofa, kuma tsohuwa za ta yi farin ciki ta ga takardar ɗanta a bango. Can ƙasa-ƙasa ya ƙara da cewa tunda sunan mahaifinsu ɗaya, takardar ba za ta rasa amfani a gidan ba. Kin ji mai son ɗan'uwansa.

Amma Gwaggo, maganarsa ta tsohuwa ta taɓa ni. Ni ma ina son in ga takardar nan. Maigidana ya so ta ƙwarai. Har firam ya haɗa mata da hannunsa, yana nan a bayan kabad babu komai a ciki.

In na yarda, na san ƙarya ce. In na faɗa wa makaranta gaskiya, ina tsoron su soke har abin da ya yi da ransa, su rubuta shi a maguɗi, shi da bai taɓa rage kaurin ƙarfe ya cuci mai aiki ba. Kuma daga ranar wayar za ta yi shiru. Na rubuta wa malamar saƙo mai layi uku. Yana nan ban tura ba.

Matar Mai Walda

*

'Yata,

Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da ƙanin mijinki don mu sallame shi da wuri, da alama yana da fasinja.

Shirinsa ya yi kyau matuƙa. Abu ɗaya kawai ya manta: a cikin bidiyon sai an kunna wutar. Mutumin da bai san inda ake riƙe abin ba zai tsaya gaban mutum biyar da gilashin da ba ya ganin komai ta cikinsa, yana karanto hadda. Ki tanadi mai kai shi asibiti, tunda direban gidan ne zai kwanta. In kuma Allah ya sa ya tsira, takarda ta fito, ta "yi amfani a gidan", to wata rana 'ya'yan mutane ne za su zauna a gabansa da idanunsu a buɗe. Maigidanki ya faɗi manufar darasinsa, kuma ko nawa aka ba shi, amsarsa daidai ce. Kada ki bari a yi amfani da sunansa a rushe ta. Babu bidiyo. Ki sauya lambar sirrin shiga shafin makarantar yau, ki ɗauke hular ki kulle.

Yanzu ke. Ba zan shafa miki mai a baki ba: aiki bakwai ɗin nan ba daidai ba ne. Lokacin da yake faɗa kina rubutawa, ke alƙalami ce. Bayan ya rasu kin zama ɗalibar da ba a yi wa rajista ba. Amma ban ga mayaudariya a wasiƙarki ba. Na ga macen da ta samu ɗaki ɗaya da mijinta bai mutu a cikinsa ba, take shiga kullum ta share. Kowa zai fahimci wannan. Sai dai ɗakin na haya ne, 'yata, wa'adinsa sati uku, kuma gara ki fita da ƙafarki da a fitar da ke.

Tsoronki na a soke aikinsa yana da tushe, ba zan ce miki ba zai faru ba. Abin da zai kare shi shi ne kwanan wata. Ki gaya wa malamar ranar da ya rasu, ki haɗa da shaidar rasuwar, ki lissafa ayyukan da ke kika yi bayan nan, ki ce a cire su. Ki gaya mata muryoyinsa suna nan ga mai son ya ji wanda ya yi na baya. Sannan ki roƙi a ba ki rubutacciyar shaidar darussan da ya kammala da ransa. Wataƙila su bayar, wataƙila su yi ta aika ki daga wannan ofis zuwa wancan. Ki nace. Hamsin da biyar ɗinsa na halak ya fi dacewa da bangon tsohuwa.

Muryoyin kuma ki kwafe su a wani wuri kafin wayar ta lalace. Ki samu 'yar'uwa ko aminiya wadda za ki riƙa hirarsa da ita, wadda ba za ta ce miki ki yi haƙuri tun kafin ki rufe baki ba.

Abu na ƙarshe. Kin buɗe wasiƙarki da ban haƙuri kan aji uku, alhali wata biyar kina cin saba'in a karatun malanta, cikin makoki, a sana'ar da ba taki ba. In ƙura ta lafa, ki tambaye su ko suna da ɓangaren ɗinki, da abin da ake nema kafin a shiga. In sun ce sai kin kammala sakandare, ki kammala. Malamar nan ta riga ta ce kin natsu, ba ta dai san da wa take magana ba.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya ba ki ƙarfin yatsa ɗaya da za ki tura saƙon nan. Har yanzu makaranta ba ta san ya rasu ba, kuma ke ce za ki gaya mata.

Gwaggonku