Inna, Bana Ba Za a Yi Goyon Ciki a Gidanki Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Delu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya take yi wa uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Mu nan muna lafiya, sai ciwon gwiwa da gajiyar da ba ta jin barci. Ruwa ya sauka da wuri bana, gero har ya kai gwiwa.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna. Bokon tsufa ne, ajin matan aure na shiga bayan furfura ta gama da ni. In kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri, hanyar garinmu ya kwaikwaya.

Magana ce ta kawo ni, kuma na fi so ki ji ta daga bakina kafin tsofaffin unguwa su riƙa iso miki da ita ɗaya bayan ɗaya, kowace da nata ƙarin gishirin.

Sadiya tana da ciki. Ba ki san ta ba, 'yar Hajara ce, Hajarata, jikarki da kika bari tana rarrafe. Hajara ta daɗe da zuwa wajenku, ta bar mini yarinyar ko yaye ba a yi ba, ni na riƙe ta har na kai ta ɗaki. Mijinta Nasiru tela ne a unguwar Bacirawa cikin birni, yaro mai kunya, in ya gaishe ni sai na tambayi na kusa me ya ce. Cikin fari ne, Inna, kuma watan haihuwarta zai faɗo ne a tsakiyar marka, lokacin da sama ba ta ɗagawa.

Ke kika koya mini abin da ake yi. Cikin fari gida ake dawowa da shi. Ina tuna ranar da aka kawo ni goyon ciki a kan jakin Baba, kika tare ni a zaure kika karɓe ƙunshin kayana, kika ce, "Shiga ki zauna, daga yau ko tsintsiya na ga kin taɓa sai na mare ki." Ban taɓa jin daɗin barazana kamar ta ranar ba.

Ina kuma tuna wankan. Tafasasshen ruwa, ganyen darbejiya a hannunki, ina ihu kina cewa, "Ƙara ihun, ruwan bai huce ba tukuna." Sai ki ɗura mini kunun kanwa har ya dawo mini ta hanci. Na yi arba'in na koma ɗakina ina sheƙi, har Malam ya tsaya yana kallona kamar an canza masa mata a hanya.

Yadda kika yi mini, haka na yi wa nawa 'ya'yan. Tun da Sadiya ta aiko mini da labari nake shiri. Na tara itace a bayan rumbu, na sa an share ɗakinki an sake masa daɓe, na daka yaji har maƙwabta suka yi ta atishawa suna tsine mini. Duk matar da ta shigo sai na nuna mata tulin itacen, don dai ta je ta faɗa.

To hanya ce, Inna.

Kin bar ta turbar jakai, daga baya aka zuba mata jar ƙasa muka yi guɗa. Yanzu ba ta jaki ba ce, ba ta mota ba. Kwalbatin da ke kwarin gonar liman ya rufta tun shekarun baya. Duk bazara mazan gari sukan yi gayya, su cika buhuna da ƙasa su jera, ruwan farko ya zo ya kwashe kamar aiko shi aka yi. Sau nawa masu awo suna zuwa da hular ƙarfe, su kafa turaku masu jan fenti su tafi! Turakun dai sun yi amfani, awakin unguwarmu ba su taɓa samun maɗauri mai kyau irinsu ba. Akwai tulin tsakuwa da tifa ta juye a bakin gari, ya tsufa har ya zama kwatance. Baƙo in ya tambayi gidan mai unguwa sai a ce masa ya wuce tsakuwar gwamnati ya yi dama.

Duk da haka muna da abin dogara guda ɗaya, motar Ɗanliti. Jikan Tanko maƙeri ne, wanda kike cewa kansa kamar ludayi. Tsohuwar bas ce da yake ɗibar albasa da gyaɗa ya kai Kaduna, ya dawo ya kwana da ita a gindin tsamiyar masallaci. Duk macen da haihuwa ta yi wa gardama shi ake buga wa ƙofa, ya kai ta asibiti. Akwai yara a garin nan da a bayan motar tasa aka yanke musu cibiya. In dai ka leƙa ka ga bas ɗin nan a gindin tsamiya, hankalinka a kwance yake.

Sai aka ƙara kuɗin tolget. Ba ki san shi ba. Ni ma sau ɗaya na gan shi, da muka je biki Zariya: an gitta ƙarfe a tsakiyar babban titi, mutum yana zaune a cikin ɗan akurki yana miƙo hannu, ba gaisuwa ba tambayar iyali. Ba mai wucewa sai ya biya. Mun ji a rediyo wai da kuɗin za a gyara hanyoyi, har da namu na ƙauye. Muka ce madalla. Aka ƙara, aka sake ƙarawa. Mu dai abin da ya iso mana daga kuɗin nan shi ne taki ya yi tsada, gishiri ya yi tsada, masu sayen albasa suka rage mana farashi wai hanya ta ci ribar.

Rannan Ɗanliti ya zo har tsakar gida ya durƙusa. Ya ce, "Iya, a can su tatse ni a shinge zuwa da dawowa, ga mai ya tashi, in zo nan kuma rami ya karya mini sifirin. Motar guda ce, kuma da ita yara suke ci." Ya kwashe iyalinsa ya koma Zakirai, bakin kwalta. Na yi masa addu'ar tayarsa ta fashe, kafin ya kai zaure na janye. Me ya yi? Yanzu gindin tsamiyar sai kaji.

Daminar bara muka ga abin da rashinsa yake nufi. Hansatu, surukar maƙwabciyata Lami, ta wuni tana naƙuda abu ya ƙi. Bayan la'asar aka shimfiɗa mata katifa a amalanken shanu. Ina cikin matan da suka raka ta, ina riƙe da lema a kanta. Da muka isa kwarin, ruwa ya kai wa shanun ƙirji, suka toge. Maza suka ɗauke ta da katifar a ka suka haye, ga babur yana jira a tsallake. Ita Allah Ya yi da sauran kwananta. Ɗan ne bai zo da rai ba. Namiji, Inna, ƙato. Har yau in na wuce kwarin nan sai na kau da kai.

Na daɗe ina juya abin nan. In na ce a kawo Sadiya, na cika al'ada, na fita kunyar dangin mijinta, ba mai cewa marainiya ce ba ta da gidan zuwa. In kuma abu ya karkace ranar da sama ta tsuge, da me zan fitar da ita? A Bacirawa kuwa daga ƙofar gidansu ana hango masu a-daidaita.

Shi ne na aika wa Nasiru na ce kada ya kawo ta.

Garin ya ɗauka. Lami da kanta, wadda ta binne jika bara, ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda aka hana 'ya dawowa gida ba. Wasu suka ce kuɗin ƙauri nake gudu. Wata ta ce boko ne ya hau mini kai. Na ce boko nawa na yi da zai hau kan mutum, ko gwiwa bai kai mini ba. Na ba su dariya, na shiga ɗaki na zauna a bakin gadon da na gyara, na daɗe ban tashi ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kiran Sadiya. Kuka take yi a waya, ta ɗauka gudunta nake. Ta ce da uwarta tana raye da ba a yi mata haka ba. Wannan maganar ta shige ni, Inna, har yanzu ba ta fita ba. Na bari ta gama, sai ta ce a hankali, "To Iya, wa zai yi mini wanka?" Na ce, "Kina da wata tsohuwar ne ban sani ba?"

Don haka ga sauran abin kunyar, ki riƙe bakinki da kyau. Ni zan je. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gidan suruki ba, zan tare a gidan hayar mijin jikata, ɗaki ciki da falo, in yi arba'in ina kwana a bayan keken ɗinki. An ce babu wurin hura itace, a kan gawayi ake dafa ruwa, ganyen darbejiya ma sai an roƙa a gidan wani. Jibi zan hau babur tun kafin kwarin ya cika, in ƙanƙame ɗan mutane da hannu ɗaya, ɗayan kuma ƙullin kanwa da yaji. In gwiwoyin nan suka kai ni kwalta lafiya, sauran mai sauƙi ne.

Ki yafe mini, Innata. Ban raina abin da kika koya mini ba. Na gaji ne da raka masu naƙuda kwari, kuma wannan ita kaɗai Hajara ta bar mini. Ki gaya mata ban yar da 'yarta ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Baba da Malam da Hajara, Ya haskaka makwancinku. Allah Ya sauki Sadiya lafiya, Ya raba su kowa da ransa. Matan da za su haihu a garin nan cikin marka, waɗanda ba su da inda za su gudu, Allah Ka tsayar musu da ruwa ranar da suke bukatar wucewa. Amin.

Ni ce 'yarki Ladi,
wadda yanzu ta girme ki da shekaru, amma har gobe tsoron faɗanki take ji.