Barista, Ina Ka Kai Ƙarar Abba?

Zuwa ga Barista Lawan, lauyan da na damƙa wa shari'ar ɗana a gida Najeriya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Shekara uku ke nan ina bin ka da tambaya ɗaya daga nan unguwar Ardul Liwa ta Alƙahira, in na kira a ce kana kotu, in na sake kira a ce ka tafi ta'aziyya. Ban yi boko ba, maƙwabcina ne ya riƙe alƙalami, amma maganar tawa ce. Tunda ka ƙi ji a waya, ka ji a jarida.

Na farko. Ɗana na fari ya bar Alƙahira ya je gida gaida dangin uwarsa, jami'an tsaro suka sauke shi daga mota a shingen bincike. Har yau ba a kai shi gaban alƙali ba. Kai ka ce akwai ƙarar da ake shigarwa a kotun tarayya, a tilasta wa masu tsare mutum su fito da shi su faɗi laifinsa. Na ce tamam, shigar.

Na biyu. Ka tambaye ni sunansa, na ce Abba. Me kake so in ce? Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Tun ranar suna bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Kai Bahaushe ne, haifaffen Bahaushe, ka san ba a raɗa wa yaro Abba. Amma haka ka rubuta wa kotu. Masu tsare shi suka rantse ba su da mai wannan suna, alƙali ya kori ƙara. Mutumin da ya yi karatun lauya ne zai yi wannan kure? Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Na uku. Ka ce za ka ɗaukaka ƙara. Sai bana wani malami a nan unguwar Abbasiya ya faɗa mini ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, in ya wuce sai an roƙi kotu ta yi haƙuri. Kai ba ka taɓa ambata mini wa'adi ba. Mantawa ka yi, ko wani ne ya ce ka manta?

Na huɗu. Wani bawan Allah da aka sako ya nemi lambata ya kira ni. Ya ce ya baro wani a ciki da ake kira Ɗan Masar, yana ja musu sallah, ƙafafunsa sun kumbura. Na aika maka wannan labari. Amsarka ita ce in ci gaba da addu'a. Addu'a kam ina yi, ba don ita na ɗauki lauya ba.

Ga abin da nake nema. Ka faɗa mini ko ka ɗaukaka ƙarar ko ba ka ɗaukaka ba. In ƙofar ta rufe, ka sake shigar da sabuwa da sunan yanka. In kuwa akwai wanda ya riƙe maka hannu, ka miƙa takardun ga wani lauya. Sunan da kake nema, duba ƙasan takardar nan, wanda ke bin nawa shi ne nasa.

Allah ya kare ka daga zalunci, ya raya maka naka 'ya'yan a gabanka. Uwar Abba ta rasu bara tana tambaya. Ni ban mutu ba tukuna, Barista, ka amsa mini.

Wassalam.

Alhaji Mamman Idrisu,
Ardul Liwa, Alƙahira.