Agogon Baranda da Asabar ɗin Jikalle

Da sunan Allah. Ni ne mahaifinku, mai gyaran agogo, nake rubuta wannan da hannuna. Ƙafa ta ƙi, ido ya rage, amma hankalina yana nan daram, kada wani lauya ya zo daga baya ya ce ruɗin tsufa ne.

Na ɗaya. Gida da shago a raba su yadda addini ya tsara. Babba, kai ne namiji babba, ka tsaya a kai. Ban yarda a kai rabon nan kotu ba. Shekara uku muna zarya a can kan mutuwar auren Auta da Direba, har na san bencin da ke da ƙusa. An ɗage zama don alƙali ya tafi taro. An ɗage don fayil ya ɓace. An ga fayil, lauya kuma bai zo ba. Auren da aka ɗaura cikin minti goma, rigimar bayansa ta cinye mini takalmi ƙafa biyu.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Hukunci ya ba Auta riƙon 'yarsu Jikalle, ya ba uban ranar Asabar: ya ɗauke ta ƙarfe huɗu a barandata, a gabana, ni in rubuta lokacin zuwansa a littafi, ya dawo da ita Lahadi. In ya makara sau uku, ana iya soke ziyarar. Duk lauyoyin nan da baƙaƙen rigunansu, ba wanda ya tambaya, in tsohon ya mutu fa? Ni ma na yi shiru, wa ke son tuna wa kotu mutuwarsa. Malama, ke ce yayarsu, ke na zaɓa. Kwafin hukuncin yana cikin gwangwanin batura a shago. Ki tasa Auta da Direba a gaba ku nemi a sa sunanki madadin nawa tun ina numfashi. In sun yarda, takarda ɗaya ce. In sun ƙi, wasu shekarun ne, yarinyar kuwa tana aji uku.

Na uku. Auta, zauna kafin ki karanta wannan. Agogon bangon baranda yana baya da minti ashirin, kuma ni na mayar da shi. Shekara arba'in ban bar agogon kowa ya yi ƙarya ba, sai nawa. Mutumin nan bas yake ja, cunkoso ba ruwansa da hukuncin alƙali. Ke kina ƙuryar ɗaki don kada ki ga fuskarsa. Ni ke waje da yarinya, ta goya jaka tun ƙarfe uku, tana leƙen kwanar layi, tana tambayata ko ya manta. Da lokacin gaskiya, ya makara sau goma sha ɗaya. Na rubuta abin da agogo ya nuna, Allah ya yafe mini. Na san lauyanki zai lashe baki in ya ga takardar nan. Zaɓi naki ne. In ni za ki kai ƙara, ki hanzarta, wanda ake ƙarar ba zai jima ba.

Na huɗu. Babba, ka daina ce masa "wancan mutumin" a gaban 'yarsa. Auta, in yarinya ta dawo ranar Lahadi, ki ba ta ruwa ta sha, ki daina yi mata tambayar 'yan sanda. A karanta wa Direba wannan shi ma: ka nemi a sauya maka aikin Asabar, Malama ba ta iya taɓa agogo ba, kuma ba ta da haƙurina. Ranar jana'izata a ba shi wuri a sahu, ba ni ya yi wa saki ba.

Agogon kuwa na Jikalle ne. Kada a gyara shi sai ranar da iyayenta suka iya miƙa ta hannu da hannu ba shaida. Ranar ku tura shi gaba minti ashirin, ku ce mata aikin kakanta na ƙarshe ke nan.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya raba ku da bencin kotu. Ku riƙe juna, ku riƙe mini yarinyar nan.