Askin Kachala

Laraba, bayan isha'i, Haɗejiya

Yau ruwa ya isa gonakin shinkafar ƙauyen nan na wajen Kirikasamma. Da idona na gan shi yana gangarawa. Bayana kamar zai ɓalle, amma ko a jikina.

Wata uku ke nan da Malam ya tura mu, mu huɗu 'yan ajin ƙarshe a injiniyanci, mu yi aikin da zai amfani jama'a. Muka ƙera injin yankan kachala, ciyawar da ta toshe musu hanyar ruwa, muka ɗaura shi a goshin kwalekwale. Ranar gwaji na yi ta zuba bayani, ban tambayi kowa komai ba. Sati uku, ciyawa ta dawo fiye da da. Kunya kamar in nutse.

Malam ya ce, "Ku koma. Ku bar takardu a gida, ku zauna ku saurara."

Sai da muka gama gaisuwa tsaf, Baba Ɗanjuma masunci ya ce, "Ɗana, aski kuka yi wa kachalar. Mu a ƙarƙashin ruwa muke yanke ta, ruwa ya shiga karan, ya ruɓe."

"Baba, me ya hana ku faɗa mana?"

"Ka tambaya?"

Kamu biyu kawai muka saukar da wuƙar injin cikin ruwa. Kachala ba ta sake tasowa ba.

Ɗazu na ji Baba Ɗanjuma yana ce wa wasu baƙi "injinmu". A rahoton da zan miƙa, sunansa ne a sama, nawa ya biyo baya.